Nisan Kano Zuwa Guangzhou Ta Sama Da Abin Da Yake Ci Wa Ɗan Kasuwa

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da filin Baiyun na birnin Guangzhou, a kudancin ƙasar Sin, akwai tazarar kimanin kilomita 10,900 idan aka bi hanya mafi kusa. Jirgin fasinja na zamani yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa guda, don haka da zai tashi bai tsaya ko'ina ba, awa 13 ta ishe shi. Amma ɗan kasuwar da ya bar Kano da niyyar sarin kaya a can da wuya ya isa cikin ƙasa da awa 17 ko 18, wani lokaci ma tafiyar takan wuce kwana guda cur. Wannan bambanci yana da dalilai, kuma kowanne daga cikinsu yana taɓa kuɗin tikiti, ko kuɗin dakon kaya, ko ranakun da ɗan kasuwa zai yi bai buɗe shagonsa ba.

Guangzhou, wanda Turawa suka daɗe suna kira Kanton, shi ne birnin da fataken Nijeriya suka fi yi wa tsinke a ƙasar Sin. A can ake gudanar da babbar kasuwar baje koli da aka fara a 1957, sau biyu a shekara, wato a watannin Afrilu da Mayu, da kuma Oktoba da Nuwamba. Kaso mai yawa na atamfa da shadda da ke Kantin Kwari, da wayoyin salula, da takalma, da kayan lantarki da ke kasuwannin Arewa, daga ƙasar Sin suke fitowa. Saboda haka sanin yadda ake lissafin nisan wannan hanya ya zama wani ɓangare na sanin kasuwancin kansa.

Yadda ake auna nisa

Da farko ya kamata a gane cewa taswirar da aka saba gani a bangon aji ko ofis tana yaudarar ido. Duniya dunƙulalliya ce, ita kuwa taswira shimfiɗaɗɗiya ce, kuma ba yadda za a shimfiɗa ɓawon lemo a kan tebur ba tare da an yage shi ko an ja shi ba. Irin taswirar da aka fi yaɗawa, wadda Gerardus Mercator ya tsara a 1569 domin matuƙan jiragen ruwa, tana kumbura ƙasashen da ke can arewa da can kudu. A cikinta tsibirin Girinlan yana kama da ya kai girman Afirka, alhali kuwa Afirka ta ninka shi wajen sau 14. Miƙaƙƙen layin da mutum zai ja da abin awo a kan irin wannan taswira ba shi ne hanya mafi kusa ba.

Hanya mafi kusa ita ce wadda masana ke kira layin babbar da'ira. Wanda ke da ƙwallon taswirar duniya yana iya gwada ta da kansa: ya ɗora bakin zare a kan Kano, ya ja ɗaya bakin zuwa Guangzhou har zaren ya miƙe sosai. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanyar. Idan aka mai da ita kan shimfiɗaɗɗiyar taswira sai a ga ta lanƙwashe kamar baka, ta yi arewa sannan ta dawo. Kewayen duniya a kan ikwaita kilomita 40,075 ne, don haka babu wasu birane biyu da za su nisanci juna fiye da kimanin kilomita 20,000. Tafiyar Kano zuwa Guangzhou ta ɗan wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kewayen duniya baki ɗaya.

Akwai kuma batun ma'auni, wanda yakan rikita mutane idan suna duba takardu. Kilomita mita 1,000 ce. Mil da aka saba da shi a kan titi mita 1,609 ne. Matuƙan jiragen sama da na ruwa kuwa da milin teku suke aiki, wanda yake mita 1,852. Saboda haka wannan tazara guda ana iya rubuta ta kilomita 10,900, ko mil 6,800, ko milin teku 5,900. Wanda ya ga lambobi uku daban-daban a takardu uku, ya fara duba ma'aunin kafin ya ce wani ya yi kuskure.

Inda layin ya ratsa

Daga Kano zaren yana nufar arewa maso gabas. Yana shiga kudu maso gabashin Jamhuriyar Nijar ta yankin Diffa, ya wuce arewa da tafkin Chadi, ya ratsa hamadar Chadi da arewacin Sudan, ya shafi gefen Masar, ya ƙetare Bahar Maliya. A Saudiyya yana wucewa kudu kaɗan da Madina, ya fita ta wajen Bahrain, ya bi ta kudancin Iran da Pakistan, ya kai ƙololuwarsa ta arewa a daidai birnin Delhi na Indiya. Daga nan yake gangarowa ta kan duwatsun Himalaya, kusa da dutsen Everest mai tsawon mita 8,849, ya bi arewacin Myanmar, ya faɗa kudancin Sin.

Wannan jerin ƙasashe ya bayyana abu biyu. Na ɗaya, ƙasashen Larabawa na bakin Tekun Fasha suna zaune daram a tsakiyar hanya. Na biyu, kusan kowane yanki na layin yana da abin da zai iya hana jirgi bin sa, ko dutse, ko yaƙi, ko saɓani tsakanin maƙwabta.

Zango da lissafinsa

Mafi yawan masu tafiya daga Nijeriya zuwa Sin sukan ya da zango a wani birni, su sake jirgi. Yawan abin da zangon ya ƙara wa tafiya ya danganta ne ga yadda birnin ya kusanci layin. Kano zuwa Doha kimanin kilomita 4,750 ne, Doha zuwa Guangzhou kuma kimanin 6,200, jimla 10,950. Kano zuwa Dubai 5,120, Dubai zuwa Guangzhou 5,830, jimla ita ma 10,950. Wato wanda ya bi ta ɗayan biranen nan biyu kusan bai kauce daga hanya ba ko kaɗan. Ta Alƙahira jimlar takan kai kimanin 11,100, ta Addis Ababa kimanin 11,350, ta Istanbul kuwa wajen 11,700. Wanda ya zaga ta Landan zai yi kusan kilomita 14,000, ƙarin 3,000 ke nan, wanda ya yi kusa da nisan Kano zuwa Alƙahira.

Akwai wani lissafi da ya shafi 'yan kasuwar Arewa musamman. Legas tana kudu maso yamma da Kano da tazarar kimanin kilomita 830, ita kuwa Sin tana gabas. Daga Legas zuwa Guangzhou kilomita 11,700 ne. Don haka wanda ya sauka Legas domin ya kama jirgi ya koma baya ne, kuma jimlar tafiyarsa ta haura kilomita 12,500 tun kafin a ƙara zangon da ke gaba, wato ƙarin kimanin 1,600 a kan wanda ya tashi daga Kano. Idan tikitin Legas ya fi arha, sai a haɗa da kuɗin jirgin cikin gida, da na kaya, da na masauki idan kwana ya kama, kafin a yanke hukunci.

Matsayin zango ba sabon abu ba ne ga Kano, domin ita ma ta taɓa cin moriyarsa. A 1925 jiragen sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a birnin, kuma a 1936 aka fara zirga-zirgar jiragen fasinja da na wasiƙu. A shekarun da jirage ba su iya dogon zango ba, Kano ta zama wurin shan mai ga masu tafiya tsakanin Turai da kudancin Afirka, kamar yadda take mahaɗar ayarin raƙuma a da. Kamfanin KLM na ƙasar Holan ya yi jigila a Kano daga 1947 har zuwa 2012. Da aka ƙera jirage masu iya ƙetare Sahara su wuce ba tare da tsayawa ba, sai buƙatar wannan zango ta ragu. Dubai da Doha da Addis Ababa sun gina nasu matsayin a kan wani tushe daban: suna tattaro fasinjoji daga birane da dama, su cika babban jirgi guda da su zuwa Asiya.

Abin da ke karkatar da jirgi

Ko a lokacin zaman lafiya jirgi ba ya bin layin babbar da'ira sak. Sararin sama yana da hanyoyinsa da aka shata, da wuraren da sojoji suka keɓe, ga kuma zagayen da jirgi ke yi yayin tashi da jiran izinin sauka. A ƙasar Sin, alal misali, babban kaso na sararin samaniya yana hannun sojoji, abin da ke ƙuntata hanyoyin jiragen fasinja. Dutse ma yana da nasa hukuncin. Idan na'urar da ke riƙe iskar shaƙa a cikin jirgi ta samu matsala, ƙa'ida ita ce matuƙi ya sauko da sauri zuwa tsawon kimanin mita 3,000, inda mutum zai iya numfashi da kansa. Tudun Tibet kuwa ya haura mita 4,000 a mafi yawan wurare, kuma filayen saukar gaggawa ba su da yawa a can. Shi ya sa jiragen da ke zuwa Guangzhou daga ƙasashen Larabawa sukan bi ta kudu da Himalaya, ta kan Indiya da Bangaladash da Myanmar.

Babban abin da ya fi tsawaita hanya shi ne rufe sararin samaniya. Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ita ce ginshiƙin dokokin sufurin sama na duniya, ta ba kowace ƙasa cikakken iko a kan sararin da ke bisa ƙasarta. Tana karɓar kuɗi daga jiragen da suka ratsa, kuma tana iya rufewa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 aka rufe sararin ƙasar, jiragen alhazan Nijeriya ma suka ɗanɗana kuɗarsu. Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne ta kan Chadi da Sudan, tafiyar awa huɗu da 'yan kai. Da hanyar ta toshe sai aka koma zagaye, sa'o'in tafiya suka ƙaru, har aka yi ƙarin dala 250 a kan kuɗin jirgin kowane maniyyaci na wannan shekarar. A watan Agusta na 2023 kuma, bayan juyin mulkin Yuli, Nijar ta rufe nata sararin har kusan wata guda, jiragen da ke tafiya tsakanin Turai da Nijeriya suka riƙa zagayawa.

Sauran sassan duniya ma sun ga irin wannan. Bayan Rasha ta rufe sararinta ga jiragen Turai a Fabrairun 2022, tafiyar kamfanin Finnair daga Helsinki zuwa Tokyo ta tashi daga kimanin awa 9 zuwa awa 13. Pakistan ta rufe sararinta ga jiragen Indiya a 2019, ta sake yin haka a Afrilun 2025. A duk waɗannan lokuta biranen suna nan inda suke, hanyar ce ta ƙaru, fasinja da mai kaya suka biya.

Wani lokaci kuma batun kuɗi ne ke toshe zango. A 2023 kuɗin tikiti na kamfanonin jiragen waje da suka maƙale a Nijeriya saboda ƙarancin dala ya haura dala miliyan 800. Kamfanin Emirates ya dakatar da zuwa Nijeriya a ƙarshen Oktoban 2022, bai dawo Legas ba sai 1 ga Oktoba, 2024. A tsawon wannan lokaci ɗaya daga cikin hanyoyi mafi kusa zuwa Asiya ta yi wa fataken Nijeriya wuyar bi.

Iska da agogo

Masu yawan tafiya sun lura cewa zuwa Sin yakan fi dawowa sauri. Dalili shi ne a can sama, tsakanin kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa, daidai inda jiragen fasinja ke tafiya, akwai wasu koguna na iska da ke kwarara daga yamma zuwa gabas, waɗanda gudunsu kan wuce kilomita 200 a awa, musamman a lokacin hunturu. Jirgin da ya nufi gabas iskar tana tura shi, wanda ya nufi yamma kuwa kokawa yake yi da ita. Tsakanin New York da Landan, tazarar kimanin kilomita 5,550, zuwa gabas yakan ci wajen awa 7, komawa yamma wajen awa 8. A Fabrairun 2020 wani jirgin kamfanin British Airways ya yi wannan tafiya cikin awa 4 da minti 56 saboda ƙarfin iskar da ke bayansa. Matuƙa sukan kauce daga hanya mafi kusa da gangan domin su shiga wannan iska ko su guje mata, tun da abin da ke ƙona mai shi ne lokacin da jirgi ya yi a sama.

Ga kuma bambancin agogo. Sin tana gaban Nijeriya da awa 7. Lokutan da ake rubutawa a tikiti na garin da ake ciki ne, don haka sai an yi lissafi. A ɗauka mutum ya tashi daga Kano da ƙarfe 1 na rana, ya yi awa huɗu da rabi zuwa Addis Ababa, ya jira awa huɗu, sannan ya yi awa goma da rabi zuwa Guangzhou. Jimla awa 19 ke nan. Agogon Kano zai nuna ƙarfe 8 na safiyar gobe, amma a can ƙarfe 3 na yamma ta yi, ranar ciniki ta kusa ƙarewa. Haka nan wanda ke zaune a Kano yana son magana da ma'aikatar da ke yi masa kaya, idan ya jira ƙarfe 9 na safe, ƙarfe 4 na yamma ce a wurinsu.

Abin da nisa ke ci a kuɗi

Man jirgi yakan cinye kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na kuɗin da kamfanin jirgi ke kashewa, kuma da dala ake sayensa. Duk da haka kuɗin tikiti ba ya tashi daidai da yawan kilomita. Tashi da hawa sama su ne suka fi cin mai, kuɗin sauka da na hidimar filin jirgi kuwa ana biyansu ko tafiyar gajera ce ko doguwa. Saboda haka kuɗin kowace kilomita yakan ragu yayin da tafiya ke tsawo. To, amma wannan sauƙi yana da iyaka. Jirgin da zai yi awa 15 ko fiye a sama dole ya tashi da mai mai yawan gaske, kuma yana ƙona wani man ne kawai domin ɗaukar wanda zai ƙona a gaba. Nauyin da mai ya ɗauke kuma an rage shi ne daga na fasinja da kaya.

Hanyar Singafo zuwa New York, wadda ta haura kilomita 15,300 kuma take cin fiye da awa 18 ba tsayawa, ta nuna wannan a fili. Kamfanin jiragen Singafo ya fara ta a 2004, ya dakatar a 2013 saboda ba ta biya, ya dawo da ita a 2018 da sabon jirgi samfurin Airbus A350 mai kujeru 161 kacal, babu kujerar masu ƙaramin tikiti ko ɗaya. Tafiya kai tsaye mai irin wannan tsawo sai inda ake da masu biyan kuɗi da yawa kowace rana. Tsakanin Nijeriya da Sin akwai jiragen da za su iya cinye tazarar a tashi ɗaya. Abin da ke wuya shi ne samun fasinjojin da za su cika jirgin zuwa da dawowa a kai a kai, shi ya sa zango ya fi dorewa. Wannan ne kuma dalilin da ya sa wani lokaci doguwar hanya ta fi gajera arha: kamfanin da ke neman cika kujerunsa a zangonsa yakan karya farashi.

Dakon kaya yana da nasa lissafin, wanda nisa ba shi kaɗai ke yanke shi ba. Jirgi yana da iyakar nauyi, yana kuma da iyakar wuri. Don haka ake auna kaya ta hanya biyu, a caji mai kaya da wadda ta fi yawa. Ƙa'idar da kamfanonin jirage suka saba bi ita ce a ninka tsawo da faɗi da tsayin kwali a santimita, a raba da 6,000. Kwalin da ke da santimita 60 da 50 da 40 zai ba da kilo 20, ko da a sikeli kilo 12 ne. Wasu kamfanonin aika saƙo cikin gaggawa da 5,000 suke rabawa, kwalin nan ya koma kilo 24. Mai sayo takalma ko jakunkuna ko kayan roba, iskar da ke cikin kwalinsa ma sai ya biya kuɗinta. Mai sayo wayar salula ko ƙananan kayan gyara kuwa, kayansa ƙanana ne masu tsada, kuɗin jirgi bai cika yi musu nauyi ba.

A ɗaya gefen kuma akwai teku. Jirgin ruwan da ya taso daga kudancin Sin zuwa Legas ta ƙasan Afirka ta Kudu yana cin kimanin kilomita 18,000, kuma yakan shafe fiye da wata guda, ban da lokacin fitar da kwantena daga tasha da ɗora ta a mota zuwa Arewa. Kuɗin kilo ɗaya ta teku ya yi ƙasa ƙwarai da na sama, sai dai jarin ɗan kasuwa yana ɗaure duk tsawon wannan lokaci, kuma darajar Naira tana iya sauyawa kafin kayan su iso. Kayan da ake buƙata kafin Sallah, ko wanda yayinsa ke wucewa da sauri, yakan biya kuɗin jirgin sama. Kaya mai nauyi da ba ya tsufa, hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Ɗan kasuwar da ke shirin wannan tafiya yana da tambayoyin da ya kamata ya yi wa mai sayar masa da tikiti tun kafin ya biya: awa nawa ne jimlar tafiya daga ƙofa zuwa ƙofa, awa nawa zai zauna a zango, ko zangon yana buƙatar biza idan kwana ya kama, kilo nawa aka yarda ya ɗauko a dawowa, da kuma ko tikitin guda ne ko biyu, domin idan biyu ne jirgin farko ya makara, asarar na biyu a kansa take. Ya kuma riƙa sauraren labarun ƙasashen da layin ya ratsa, daga Nijar da Sudan zuwa Tekun Fasha da Pakistan, domin rikicin da ya tashi a ɗayansu yakan bayyana a farashin tikiti da na dakon kaya cikin 'yan makonni.